Idona Yana Kan Waya Sa'ad da Ya Cika

Mijina tela ne a kasuwar Dogon Dutsi. Shekara goma sha ɗaya na zauna da shi, ban taɓa ganin hannunsa a banza ba sai da ciwon hanta ya kama shi. Ƙafafu ne suka fara kumbura har ya kasa taka keken ɗinki, daga baya ciki ya biyo. Sau biyu ana kwantar da shi asibiti. A na biyun likita ya ja ƙanensa gefe ya yi masa magana, muka dawo gida da ledar magani. Ba wanda ya faɗa mini komai, ni ma ban tambaya ba. Na ga fuskar ƙanen.

Ƙanen nan nasa kayan waya yake sayarwa a bakin kwalta. Shi ya sa masa wasan cikin waya, wai ya rage masa zaman shiru.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Wani ɗan mutum ne riƙe da takobi, yana tafiya kan hanya, kullum hannun dama ya nufa. Dodanni na tare shi ɗaya bayan ɗaya, yana saransu, in sun faɗi zinariya ta zube ta shige jakarsa da kanta. Ba sai ka yi komai ba. In ka danna gilashin wayar da yatsa saran ya ƙara sauri, iyakar aikinka ke nan. Da zinariyar ake saya masa sabon takobi da garkuwa da abokan tafiya, wani maharbi da wata mace mai sanda da ke warkar da shi in an ji masa rauni. Abin da ya fi burge mijina shi ne, ko an kashe wayar ɗan mutumin ba ya tsayawa. Da safe in ya buɗe sai rubutu ya fito da Faransanci, ana gaya masa abin da aka tara a bayan idonsa. In idanunsa sun yi nauyi ni ke karanta masa, da ɗan abin da na tsira da shi daga lakwal, makarantar boko.

"Madam, zo ki ga ma'aikacin ƙwarai," in ji shi. "Ni ina kwance, shi shina aiki. Ba shi zuwa biki, ba shi cewa kakarshi ta rasu sau ukku a shekara. Da irinshi na samu a shago, da yanzu soro muka kwana."

Akwai wani dodo mai ƙaton tumbi da yake cewa shi ne alhajin da ke kawo shadda ranar jajibirin Salla ya ce gobe da safe yake son ta. In ya kashe shi sai ya ce, "An gama maka ɗinkinka, ranka ya daɗe."

Na daɗe ina tunanin abin da ya gani a ciki. Mutum ne da ya saba yamma ta yi ya ɗaga kai ya ga riguna a rataye, ya san inda yininsa ya tafi. Yanzu komai nasa raguwa yake yi, naman jiki, murya, har abincin da ciki ke karɓa. Cikin wayar nan kaɗai abu ke ƙaruwa. Kuma wasan ba ya ce masa ya jiki. Masu zuwa dubiya sukan zauna su yi jugum, su saci kallon ƙafafunsa su kau da kai. In sun fita sai ya ja dogon numfashi ya tura hannu ƙarƙashin matashi ya jawo wayar.

Sai dai wasan ya ɗauke mana shi tun yana cikinmu. 'Yarmu takan dawo daga lakwal ta nuna masa abin da ta rubuta, ya ce to madalla, bai duba ba. Ina da maganganun da nake so mu yi, tunda na san lokaci ya ƙure. In na fara sai in ji ƙas-ƙas ɗin farcensa kan gilashi, sai in haɗiye. Wata rana haushi ya kama ni.

"Malam, wai ɗan mutumin ga ina za shi?"

"Gaba."

"Gaban ina? Akwai gari?"

"Babu gari. Hanya ce dai."

"To dodon ga ai shi ka kashe shekaranjiya."

"Wancan kore ne, wanga ja." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Na sani, Madam. Babu komi ciki. Shi ya sa nika iyawa."

Daga ranar ban ƙara yi masa ƙorafi ba.

Da jiki ya yi tsanani mahaifiyarsa ta zo daga ƙauyensu, can wajen Ɗan Kassari. Inna muke ce mata. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa tsohuwa ce mai riƙon kunyar ɗan fari yadda ta gada. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama ɗaki ɗaya da shi, ba ta nuna damuwarsa gaban mutane. Ta shimfiɗa tabarmarta ƙarƙashin rumfa daura da ƙofarmu, nan take yini tana tsince wake ko gyaran zogale. In na fito da kwano sai ta leƙa cikinsa ta ga abin da ya rage.

"Mai ɗakin naki ya sha kunun?"

"Ya sha kaɗan, Inna."

"To."

Sau ɗaya ta ga wasan, ranar da na fito da wayar zan sa ta caji. Ta ga ɗan mutumin yana ta sara ba mai taɓa shi, ta ja baya.

"Wa ka tuƙa shi? Ke ɗiyata, abin ga ba iska ba ce kuwa?"

Daga cikin ɗaki mijina ya ji, ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. "A ce ma tsohuwa doguwar aljanar Nasara ce, ba ta son akuya, kuran na lantarki kawai taka sha."

Inna ta yi kamar ba ta ji ba, amma na ga ta rufe baki da gefen zane.

Bayan kwana biyu, ina wanke masa kaya a bakin rijiya, ta zo ta tsuguna kusa da ni. Ba ta dube ni ba.

"Ni ba ni shiga, kin sani. Ke ce idona can ciki. In kin ga lokaci ya yi, ki tuna mai. Ki sa bakinki kusa ga kunnenshi ki hwaɗa a hankali, har shi ma ya hwaɗa. Kada ki tsaya kuka. Kuka ba shi ƙarewa, kina samun shi daga baya."

Kalmar shahada take nufi. Na ce mata to, in Allah ya yarda. Amanar da ta ba ni ke nan, kuma ba ta taɓa roƙona wani abu ba bayan ita.

Ranar da abin ya faru, farkon zafi ne, bayan azahar. An ɗauke kuran, fanka ta tsaya. 'Yarmu tana lakwal, ƙanensa yana wurin sana'arsa, Inna tana rumfarta. Jikin ya yi masa sauƙi tun safe, har ya ci ɗan tuwo, abin da ya kwana goma bai yi ba. Na yi murna. Ban san irin wannan sauƙin ba a lokacin.

Kwana uku ke nan wani babban dodo ya tare masa hanya. Irin wannan dodon sai an kashe shi cikin ɗan lokaci kafin wani jan layi ya ƙare, in ba haka ba a koma farko. Nan ne kawai wasan ke bukatar hannun mutum da gaske, shi kuwa yatsunsa sun daina sauri.

"Madam, taya ni. Yatsunki sun saba da tsince tsakuwa cikin shinkahwa. Ki danna dai, kada ki tsaya."

Na zauna bakin gado na ɗan ba shi baya, na ɗaga wayar yadda zai hango ta saman kafaɗata. Na danna, layin ya ƙare, dodon bai faɗi ba. Na sake. A karo na biyu saura ƙiris, na yi tsaki, na ji shi yana dariya a bayana.

"Da yatsa biyu," ya ce. "Yawwa. Haka nan."

Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da na ji.

Zan faɗi abin da ya biyo baya yadda yake. Wasan ya ɗauke ni. Wata da watanni zuciyata ba ta sauka ba ko da na sallame salla, amma a wannan ɗan lokacin na manta da ciwo, na manta da ɗakin, ba abin da ke gabana sai jan layin nan da ke raguwa. Na ji daɗi. Na faɗi karo na uku da na huɗu, na ƙara wa takobin ƙarfi kamar yadda na ga yana yi, na koma. Ban san ko sau nawa ba. Can dodon ya kife, zinariya ta cika gilashi, na juyo ina dariya ina cewa, "Malam, na kashe shi!"

Kansa ya ɗan karkata wajen bango, bakinsa a buɗe kaɗan. Na taɓa shi, na kira shi. Na sa bakina a kunnensa na faɗi kalmar sau uku, amma na san wanda nake faɗa wa ya riga ya wuce. Ko da daɗewa, ko a daidai lokacin da na juyo, ban sani ba. Ko ya motsa leɓe shi kaɗai, ko ya nemi hannuna, ban sani ba. Ina zaune jikina na taɓa nasa.

Na kashe wayar na jefa ta cikin kwandon kaya. Na rufe masa ido, na ja zane na lulluɓe shi, na fito. Inna ta dube ni ta ajiye faifan da ke hannunta. Ta yi salati. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ya samu ya hwaɗa?"

Na ce, "Ya hwaɗa, Inna."

Ban shirya ƙaryar ba. Ta fito ne kawai, kamar yadda ake amsa lafiya lau. Inna ta ɗaga hannu ta ce alhamdu lillahi, ta shafa a fuska, ta tashi ta je ta sanar da maƙwabta da kanta. Ba ta yi hawaye gaban kowa ba.

A zaman makoki duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta yi tambayar, Inna ta amsa mata. Kafin kwana uku maganar ta yi ƙafa. Na ji wata tana gaya wa wata cewa sau uku ya maimaita. Wata ta ce ya ɗaga yatsa. Ƙanensa, wanda ba ya wasa da zancen addini, ya riƙa ba abokansa labari a ƙofar gida cewa Yaya ya yi kyakkyawan ƙarshe, kowa ya yi fatan irinsa. Ni ina ƙuryar ɗaki cikin lulluɓi, ana ganin shiruna na baƙin ciki ne kawai.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Inna ta ce ba za ta bar ni ni kaɗai da yarinya ba, ta zauna. Da aka raba gado wayar ta faɗo a rabona. Na fi wata ban taɓa ta ba. Ranar da na kunna, don kawai in ga hotunansa, sai yatsana ya kai kan wasan. Rubutun nan ya fito, yana gaya mini abin da aka tara tun da aka bar shi. Ashe ranar da aka kai mijina makwancinsa, ɗan mutumin yana can yana tafiya, yana sara. Bai tsaya ko sau ɗaya ba. Na ji kamar in maka wayar da ƙasa. Maimakon haka na saya masa sabuwar garkuwa.

Yinin mai takaba dogo ne. Ba fita, ba kwalliya, ba inda za ka kai idonka sai bango huɗu da abin da ke ranka. Daga azahar zuwa la'asar ne ya fi yi mini nauyi, sai na riƙa shiga ɗaki in ce zan kwanta, in yi ta dannawa. A nan na gane mijina fiye da yadda na gane shi yana raye. Abin ba daɗi ne da shi ba sosai. Kamar dai mutum ya danne ciwo da tafin hannu ne, muddin hannun na wurin ba ka jin zogi, ciwon kuma yana nan yadda yake.

Inna kuwa ta samu abin da ke sanyaya mata rai. Duk bayan 'yan kwanaki, in muna zaune mu biyu, sai ta ce, "Ɗiyata, sake ba ni labarin ranan." Sai in ba ta labarin. Ta tambayi ko ya sha wuya, in ce a'a. Ta tambayi ko muryar ta fito sosai, in ce a hankali dai, amma na ji. Kowane karo sai na ƙara ɗan wani abu don labarin ya tsaya da ƙafarsa. Ita kuma ta gyaɗa kai, ta ce, "To, mi ya rage? Wanda ya samu wannan ai ya gama samu."

Na taɓa gwada ƙanensa, ranar da ya kawo mana cefane. Daga bayan labule na ce, "Wai in mutum ya cika ba wanda ya tuna mai, yaya ke nan?"

Ya ce, "Allah ya san abin da ke zuciyar bawanshi, matar Yaya. Wanda ke kusa dai shi ya yi sakaci. Amma ke mi ya kai ki wanga tunani? Ke kin hita kunyarmu."

Na ce tambaya ce kawai.

Abin da ya raba ni da wasan ƙarami ne. Wata la'asar 'yarmu ta tsaya a kaina tana kira, har sau nawa ban sani ba, sai da ta dafa gwiwata na ɗago. Ta yanke yatsa da reza wajen fiƙe fensir, jini har ya sauka ga gwiwar hannunta, ta tsaya tana jira in gama. Ba ta yi kuka ba. Ta saba jiran mai riƙe da wayar nan. Washegari na miƙa wa ƙanen mijina na ce ya cire.

"Kin tabbata? Yaya ya kai nivo, mataki mai nisa fa. In na goge ba ya dawowa."

Na ce ya goge. Da yatsa ɗaya ya yi, kafin in gyara lulluɓina ya miƙo mini.

Daga nan ba ni da abin danne ciwon. Tsakanin azahar da la'asar sai in zauna bakin gadon nan in ji dariyarsa a bayana. In Inna ta nemi labari sai in ce kaina ke ciwo. Na fara ramewa, aka ce takaba ce.

Ranar da zan fita daga takaba, damina ta riga ta zauna, Inna tana ta zancen 'yar gonarta ta wake da ta bar wa jikoki. Da hantsi ta zaunar da ni gabanta tana tsefe mini kai kafin mai kitso ta iso. Ina jin da fuska da fuska muke da ban iya ba. Da yake tana bayana, ina kallon ƙasa, sai na ce, "Inna, abin da na hwaɗa miki ranan, ba haka anka yi ba."

Hannunta ya tsaya cikin gashina.

"Ina jin ki."

Na faɗa mata duka, tun daga tuwon da ya ci har zuwa juyowata. Ban rage daɗin da na ji ba, don shi ya fi damuna. Ta bari na kai aya.

"Ke nan ba ki ji ba."

"Ban ji ba."

"Ba ki kuma ga bai hwaɗa ba."

"Ban ga komi ba, Inna. Ban sani ba."

"Shi ya ce ki yi wasan?"

"Shi ya ce. Amma da ya ɗauke ni, ni ma na so."

Kaji na ta tono a gindin rumfa. Na jira zagi, na jira ta tashi ta bar ni da kai rabi a tsefe. Sai na ji matsefi ya koma aiki, a hankali kamar dā.

"Wata huɗu ina kwana lahiya bisa maganarki," ta ce. "Na sassauta roƙo. Na ce wanga an riga an ruhwa mai asiri, bari in maida ƙarhi ga masu rai. Wata huɗu, ɗiyata. Wasan bai ɓata mini rai ba kamar wannan. Da tun ranan kin hwaɗa mini, da ban yi mai rowar addu'a ba."

Nan kukan ya zo mini. Ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma hana ni ba. Da na yi shiru ta ce, "Kada ƙanenshi ya ji. Ya riga ya shaida ma duniya, ki bar shi da abinshi. Ni na ji, ya isa." Ta ƙarasa tsifar har ƙeya, ta shafa mini mai, mai kitso ta yi sallama.

Bayan kwana biyu ta koma ƙauye. Ta yi mini sallama yadda ya kamata, ta sa wa jikarta albarka, ba ta ƙara ko kalma ɗaya kan zancen ba.

Da kaka na kai mata yarinyar ta gan ta. Ta karɓe mu da fura, ta tambayi mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, ta nuna mini waken da ta samu. Ba ta canja mini fuska ba. Da la'asar ta yi ta shimfiɗa tabarma ta matsa gefe ta bar mini wuri, muka yi salla tare. Na shafa na naɗe ƙafa ina jiranta. Ita ta daɗe hannunta a sama, leɓunanta na motsi, har inuwar danga ta iso kanmu, jikoki suka leƙo sau biyu suka koma. Matar ɗanta da ke gidan ta raɗa mini cewa haka take yi yanzu bayan kowace salla, tun dawowarta daga Dogon Dutsi, har abinci kan huce, ba su san dalili ba. Na ce mata tsufa ne. Na zauna har Inna ta gama, na taya ta naɗe tabarmar.